Baƙin sinadarin da ke rikiɗa ruwan zinare idan an goge shi

Aikin da aka ɗora mini a ɗakin gwaje-gwaje shi ne haɗa samariyum da farar wuta, ƙwayar zarra ɗaya ga ɗaya, don samar da abin da masana ke rubutawa SmS. Samariyum ƙarfe ne daga dangin nan da ake kira ƙarafa masu wuyar samu, an gano shi a Faransa a 1879.

Haɗin yana son haƙuri. Mukan zuba su biyun cikin bututun gilashi mai jure zafi, mu zuƙe iskar ciki, mu liƙe bakinsa, sannan mu sa a tanderu. Farar wuta tana tafasa a wajen digiri 445, don haka idan aka ƙara wuta da gaggawa tururinta kan fasa bututun. A hankali ake bi. Kuma ban yarda asid ya kusanci garin SmS ɗin da aka haɗa ba, domin yana sakin iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce.

Abin da ya fito baƙi ƙirin ne, jerin ƙwayoyinsa irin na gishirin miya, ba ya barin lantarki ya ratsa shi sosai. Amma da na ɗora gutsure ɗaya kan samfefa mai laushi ina gogawa, sai fuskarsa ta koma ruwan zinare a gaban idona. Na san da labarin a takarda, gani da ido kuwa daban ne.

Matsi ne sila. Tun 1970 masu bincike a Bell Labs ta Amurka suka nuna cewa a matsin kilobar 6.5, wato kusan ninki 6,500 na nauyin iskar da muke ciki, samariyum yakan saki wani kaso na ilektiron ɗinsa, wato ƙananan ƙwayoyin cikin zarra masu ɗauke da lantarki. Ƙwayar sai ta tsuke, jikin duka ya ragu da fiye da kashi 10 cikin ɗari, ya zama ƙarfe mai wuce da lantarki. Gogar samfefa kaɗai ta isa ta kawo wannan matsi a fatar sama, ciki kuwa yana nan baƙi.

Shi ya sa na daina goge samfurin da zan auna. Duk wanda ya goge, fatar zinaren yake aunawa, ba baƙin da ke ƙasa ba. Yanzu da reza nake tsaga shi, yana rabewa sumul. Wanda ya riga ya yi zinare kuma, in aka ɗumama shi cikin bututun da babu iska, yakan koma baƙinsa.