Kuɗin Goro a Jirgin Kalifoniya

A farkon watan Oktoba na 2024 na shiga jirgin ƙasan da ake kira California Zephyr a tashar Union ta birnin Shikago, da niyyar zuwa ganin ɗan ƙanwata da ke karatu a Kalifoniya. Jirgin yakan tashi da ƙarfe biyu na rana, ya yi awa 51 ko fiye yana cin tafiyar kilomita wajen 3,900, kafin ya tsaya a Emeryville, wani ƙaramin gari da ke tsallaken ruwa daga San Faransisko. Da jirgin sama na hau da ban wuce awa biyar ba, amma ni tsohon malamin gona ne, kuma na daɗe ina son in ga gonakin masarar Amurka da idona a lokacin kaka, ba a hoton mujalla ba.

Na kuwa gan su. Tun da muka bar bayan gari a jihar Illinois ba abin da ido ke gani sai busasshiyar masara da waken suya har iya ganinka, ga manyan injinan girbi suna tayar da ƙura, mutum ɗaya a ciki yana aikin da a wajenmu sai an yi gayya. Da la'asar sakaliya muka ƙetare kogin Misisipi a garin Burlington muka faɗa jihar Iowa. A tashar Ottumwa wani dattijo da matarsa suka shigo suka zauna daura da ni, kuma da ya ga na manna fuskata a taga sai ya tambaye ni ko ni manomi ne. Daga nan hira ta ɓarke. Ya gaya mini abin da yake samu a eka, na juya lissafin zuwa namu na ga ya haura tan 12 a hekta, alhali manominmu idan ya samu tan biyu ko uku yana godiya. Da na ambaci sunan Norman Borlaug, masanin iri ɗan jiharsu da ya samu kyautar Nobel a 1970, na ce masa shirin bunƙasa noma na Sasakawa da Borlaug ya jagoranta ya zo Kano da Kaduna da Jigawa a shekarun 1990, kuma ni da kaina na koya wa manoma tazarar shuka da binne taki a ƙarƙashinsa, sai dattijon ya cire hularsa ya dube ni kamar na kawo masa saƙo daga ɗan uwa da ya ɓata.

Nebraska cikin dare muka wuce ta, ban ga komai ba. Gari ya waye mana a kusa da Denver, daga nan jirgin ya fara hawan duwatsun Rocky yana nannaɗewa kamar maciji, har muka shiga ramin Moffat da aka buɗe a 1928, mai tsawon kusan kilomita 10 a cikin dutse, inda aka sanar cewa kowa ya zauna a taragonsa saboda hayaƙin inji kada ya shigo.

A taragon abinci ne abin ya faru. Al'adar wannan jirgi ita ce a haɗa mutum huɗu a teburi ɗaya ko sun san juna ko ba su sani ba, don haka aka zaunar da ni da dattijon da matarsa, aka cike mu da wani saurayi Bafaranshe mai yawon buɗe ido, wanda ya ce wata biyu ke nan yana zagaya ƙasar. Kogin Kolorado yana bin mu ta taga, ni na nemi kifi domin ban san yankan naman ba, kowa yana cikin nishaɗi, har uwargidan ta yi kuskuren tambayar saurayin yadda ya ga Amurka. Bai yi wata-wata ba. Ya fara da yawan bindigogi da tsadar asibiti, ya gangaro kan cewa Amurkawa ba su san taswirar duniya ba amma suna son mulkinta, ya zo kan Iraƙi da Afganistan da Gaza, kuma a kowace jimla cewa yake "ku kun yi," yana nuna dattijon da cokali mai yatsu. Turancinsa mai kyau ne, kuma da yawa daga abin da ya faɗa gaskiya ne. Abin da ya dame ni shi ne yadda yake magana da mutumin da bai ko tambayi sunansa ba kamar shi ne ya sa hannu a takardar yaƙi.

Dattijon ya ajiye cokalinsa ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce mahaifinsa yana cikin sojojin da suka sauka a gaɓar Normandy ta Faransa a 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma shi ya taɓa zuwa maƙabartar da ke Colleville, inda Amurkawa fiye da 9,000 ke kwance a ƙasar Faransa. Ya ce bayan yaƙin ƙasarsu ta zuba kimanin dala biliyan 13 a shirin Marshall domin Turai ta miƙe, kuma har yau kusan kashi biyu cikin uku na abin da ƙasashen ƙungiyar NATO ke kashewa a tsaro daga aljihun Amurka yake fita. Daga nan muryarsa ta canza. Ya ce sun je Somaliya a 1992 domin a raba abinci, shekara ta gaba aka ja gawar yaransu a titin Mogadishu, aka ce su mamaya ne. Da aka fara yanka mutane a Ruwanda a 1994 ba su je ba, aka ce ba su da imani domin baƙar fata ne ke mutuwa. "To yaya kuke so mu yi?" Haka ya tambaya, kuma ba saurayin kaɗai yake kallo ba, har da ni.

Ban shirya shiga maganar ba, amma saurayin ya juyo yana neman in goya masa baya, wai ni daga Afirka nake, na fi kowa sanin ɓarnar Amurka. Sai na tuna masa cewa a watan Maris na 2011 jiragen yaƙin Faransa ne suka fara kai hari a Libiya, kuma Sarkozy, shugaban Faransa na lokacin, shi ne ya fi kowa zaƙewa, cewa makaman da suka watse bayan faɗuwar Gaddafi su ne suka gangaro Mali da Nijar har suka iso mana, kuma cewa idan yana son ya ji yadda ake zagin wata ƙasa da sunanta to ya je Yamai ya faɗi inda ya fito. Na ce masa a wajenmu ana cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ya yi dariya ya ce shi bai zaɓi Sarkozy ba, lokacin ma yaro ne. Uwargidan, wadda tun da aka fara ba ta ce uffan ba, ta ce to su ma haka.

Da dare, muna ratsa hamadar Utah, na tarar da dattijon shi kaɗai a taragon shan iska mai manyan tagogi, da kofin gahawa da ya riga ya huce a hannunsa. A nan ya gaya mini abin da bai faɗa a teburi ba. Ɗansa ya yi zuwa biyu Iraƙi, ya dawo da ƙafafunsa da hannayensa, amma har yau ba ya iya zama a gari ranar bikin 'yancin kai saboda ƙarar tartsatsin wuta, sai ya ɗauki mota ya tafi bakin tafki. Ya ce shi ya yarda da maganar makaman ƙare dangi a 2003 domin shugabanninsu sun tsaya a gaban duniya sun faɗa, daga baya aka ce babu su, sojojinsu kusan 4,500 suka mutu, kuma ya san 'yan Iraƙin da suka mutu sun ninka haka sau da yawa. Ya ce ba ya bukatar wani yaro daga Paris ya koya masa wannan, domin yana ganinsa a fuskar ɗansa duk ranar Lahadi. Ya ƙara da cewa da suka je Turai yawon shaƙatawa a 2004 an ba su shawara su riƙa cewa su mutanen Kanada ne domin a sake musu fuska, shi kuma ya ƙi.

Wannan maganar ta taɓa ni, domin duk mai ɗauke da koren fasfo ya san ta. Na sha tsayawa a filin jirgi ana juya fasfona ana kallona saboda damfarar da ban yi ba da bam ɗin da ban dasa ba, kuma na san 'yan uwanmu da kan ce su 'yan Ghana ne idan sun fita waje domin a bar su su huta. Kuɗin goro ba shi da daɗi a kan kowa. Na kuma tuna teburin mai shayin unguwarmu, inda komai ya lalace Amurka ce, daga faɗuwar naira har zuwa ƙarancin ruwan sama, kuma rabin masu maganar suna da ɗa ko ƙane da ke neman bizar ƙasar ido rufe. Ni na gaji da wannan irin suka, kuma gajiyata ba don ina jin tausayin ƙasa mai ƙarfi ba ne. Na gaji da ita ne saboda tana wanke shugabanninmu tas, sannan tana sa tuhumar gaskiya ta narke cikin shirme. Akwai abin da ya kamata a riƙe Amurkawa da shi da suna da shekara, kamar gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara wajen 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, abin da ya ƙare da yarjejeniyar dala miliyan 75 a 2009, kuma wanda tabonsa ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003. Mutumin da ya saba cewa Amurka ce ta hana ruwan sama, ranar da ya kawo maganar Trovan ba wanda zai tsaya ya saurare shi.

Na gaya wa dattijon wasu abubuwan da bai sani ba, kuma ba duka ne masu ɗaci ba. Na ce masa a makon nan tsohon shugabansu Jimmy Carter ya cika shekara 100, kuma a ƙauyukan da na yi aiki akwai mutanen da ba su san sunan jiharsa ta Georgia ba amma sun san cewa kurkunu ya tafi. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu cutar fiye da 650,000 a Najeriya, na ga manoma kwance a tsakiyar damina ana naɗe musu tsutsa a tsinke kaɗan-kaɗan alhali ciyawa tana cinye gona, kuma cibiyar Carter tare da Janar Yakubu Gowon suka bi ƙauye-ƙauye da tsumman tace ruwa har aka tabbatar a 2013 cewa an rabu da ita. Na ambata masa shirin PEPFAR da George Bush, mai yaƙin Iraƙin nan dai, ya kafa a shekarar 2003, wanda ya raya miliyoyin masu cutar ƙanjamau a Afirka. Bai taɓa jin sunan shirin ba. Shi a tunaninsa kashi ɗaya cikin huɗu na harajinsa ake aikawa waje, alhali taimakon ƙasashen waje bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na kasafin gwamnatinsu ba. Bayan na dawo gida, da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin a farkon 2025 aka rufe USAID, hukumar Amurka mai ba da taimako ga ƙasashen waje, na ji wasu daga cikin mutanen teburin mai shayin nan suna cewa Amurka ta yi watsi da talakawa, sai maganar dattijon ta Somaliya da Ruwanda ta faɗo mini a rai.

Amma ban bar shi ya tafi da tunanin cewa su ne aka zalunta ba. Na tambaye shi ko ya san Agadez, ya ce a'a. Na ce masa ƙasarsa ta kashe fiye da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a can, sojojinta wajen dubu sun zauna a Nijar shekaru, huɗu daga cikinsu sun mutu tare da sojojin Nijar a Tongo Tongo a 2017, kuma makonni kaɗan da suka wuce ne na ƙarshensu suka fita. Lokacin harin Tongo Tongo har wasu 'yan majalisar dattawansu sun amsa cewa ba su san akwai sojoji masu yawa haka a Nijar ba. Na ce masa a nan bambancinmu yake. Ni idan aka yi mini kuɗin goro saboda ɗan damfara, ba ni na ɗora shi a kujera ba, amma shi ƙuri'ar da zai jefa a watan Nuwamba za ta taɓa mai sayar da albasa a kasuwar Agadez da bai da ta cewa a ciki, don haka rashin sanin nan ba ƙaramin abu ba ne. Ya daɗe bai amsa ba, yana kallon duhun taga, sannan ya ce wannan ya ji shi, domin an faɗa masa ne ba tare da an nuna shi da cokali ba.

Washegari muka wuce Reno muka haura duwatsun Sierra Nevada, saurayin Bafaranshen yana ta ɗaukar hoto, har ya zo ya gaishe da uwargidan ya taimaka mata sauke jaka. Na ce masa tun da Emeryville zai sauka, ya sani cewa garin da ke maƙwabtaka da ita, Oakland, a lokacin shi ne mazaɓar Barbara Lee, wadda ita kaɗai ce a majalisar wakilai ta ƙi amincewa da ba shugaban ƙasa izinin yaƙi kwana uku bayan harin 11 ga Satumba na 2001, aka tashi 420 da 1. Ya ce bai taɓa jin sunanta ba.

Dattijon da matarsa a Sacramento suka sauka, inda 'yarsu ke jiransu. Kafin jirgin ya tsaya ya zaro wata takardar goge baki ya miƙo mini da biro, ya ce in rubuta masa sunan garin nan na Nijar da sunan tsutsar nan da yarenmu, zai sa jikarsa ta nemo masa a intanet. Na rubuta Agadez, na rubuta kurkunu, ya gwada faɗin na biyun sau uku bai samu ba, ya ninke takardar ya tura cikin hularsa.