Ƙwayoyin Suna da Rai, Amma Sun Daina Karɓa: Gasar iGEM Daga Kumasi

Aikin da tawagarmu ta ɗauko a gasar iGEM, gasar ɗalibai ta duniya kan sarrafa ƙwayoyin halitta, shi ne gina bakteriyar E. coli da za ta yi hasken kore idan ta gamu da zaiba a cikin ruwa. Wanda ya bi hanyar Dunkwa ya ga launin kogin Offin ba ya buƙatar dogon bayani: 'yan galamsey, masu haƙar gwal ba bisa ƙa'ida ba, da zaiba suke kama gwal, su ƙona wani kaso ya tashi sama, sauran ya gangara ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar zaiba a ruwan sha a kan mikrogram 6 cikin lita, wato wajen nanomola 30, kuma wannan lambar muka sa a gaba. A takarda tsarin ba shi da wuya. Furotin MerR yana zaune kan makunnin PmerT ya danne shi, da zarar Hg2+, wato zaibar da ta narke cikin ruwa, ta kama shi sai ya murɗa DNA ɗin makunnin ya buɗe, a kwafi GFP, furotin mai hasken kore, da ke bayansa. Sauran gutsattsarin daga rumbun gasar muka ɗebo: B0034, E0040 da B0015, a cikin filasmid, wato ƙaramin zoben DNA, mai suna pSB1C3, wanda ke sa ƙwaya ta jure maganin kuloramfenikol.

Gasar ta samo asali ne a MIT ta Amurka a 2003, tawaga biyar suka fara fafatawa a 2004, tun 2022 kuma a Faris ake babban taron. Batun rajista da dubban dalolinta, da yadda sidi, kuɗin Gana, ke narkewa kafin a gama tara su, da biza, duk na bar su gefe. Wahala ce, amma irin wadda kowa ya hango tun daga nesa. Wadda ba mu hango ba ita ce ta cinye mana tsakiyar damina.

Mun yanka DNA da enzayim EcoRI da SpeI, mun yanka ɗaya ɓangaren da XbaI da PstI, jel ya fito tsaf. Muka liƙa gutsattsarin da enzayim T4, nanogram 50 na filasmid, gutsure uku ga filasmid ɗaya a lissafin mola. Muka zuba cikin mikrolita 50 na ƙwayoyin E. coli nau'in DH5α masu karɓar DNA da muka haɗa tun farkon aiki muka adana a firizar -80: minti 30 kan ƙanƙara, daƙiƙa 45 a digiri 42, a dawo kan ƙanƙara, sannan awa guda zuwa biyu a digiri 37 kafin shafawa. Washegari faranti fayau, ko ɗigo ɗaya na ƙwayoyin da suka tsiro babu.

Duk wanda ya taɓa wannan aiki liƙi zai fara zarga, kuma yana da hujja, domin ATP ɗin da ke cikin ruwan T4 yana lalacewa idan ana yawan narkarwa da daskarewa. Muka buɗe sabon ruwa muka rarraba shi ƙanana. Muka sauya lissafi zuwa biyar da ɗaya. Muka bar liƙin ya kwana a digiri 16, muka sake tsamo DNA daga jel don gudun gishiri, har muka yi odar sabon enzayim, wanda sai ya sauka Accra a cikin sanyi kafin ya iso gare mu. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Ƙwayoyin ne suka daina karɓa.

Abin da ya yaudare mu shi ne, mun gwada su. Mun shafa su kan LB, abincin renon ƙwayoyi, marar magani, suka cika faranti maƙil, muka ce lafiyarsu ƙalau. Amma rai daban, iya karɓar DNA daban. Gilisarol kashi 15 cikin ɗari yana tsare ran ƙwaya ko da ta ɗan narke ta sake daskarewa, sai dai halin da kalsiyam da sanyi suka sa fatarta a ciki, wanda shi ke barin filasmid ya ratsa, yana zubewa da wuri sosai. Firizar kuwa tana shan dumsor, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki. Idan wuta ta ɗauke da dare, janareta bai tashi nan take ba, zafin ciki ya hau, sannan kafin safiya allon ya koma -80 kamar ba a yi komai ba. Ƙananan bututun da ke kusa da ƙofa su suka fi shan wahala, kuma nan aka ba mu wurin ajiya, kasancewarmu ɗalibai 'yan ƙasa da digiri.

Dattijon da ke kula da ɗakin gwajin ne ya warware mana, da tambaya ɗaya. Ya ce, "Yarana, ina farantin shaidarku?" Muka nuna masa na LB. Ya girgiza kai: "Wannan ya nuna suna numfashi ne kawai. Ku ba su filasmid lafiyayye mu ga ko za su haɗiya." Muka ce to Baba. Nanogram 1 na pUC19, a farfaɗo da su cikin mililita 1, a shafa mikrolita 100 kan amfisilin mai mikrogram 100 a mililita. Ɗigo 100 a wannan farantin na nufin miliyan ɗaya ga kowane mikrogram, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da za ka so kafin ka dogara da su wajen liƙi, domin a cikin liƙi ɗan kaɗan ne na DNA ke zama cikakken zobe. Namu ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Gwajin kwana guda ne, kuɗinsa bai kai na kwanon waakye, wato shinkafa da wake, ba, kuma har yau idan na tuna enzayim ɗin da muka saya a banza sai raina ya sosu.

Yawancin ƙa'idojin da ke yawo a intanet an rubuta su ne a inda wuta ba ta ƙiftawa. Suna cewa "ajiye a -80" su wuce, kamar maganar ta ƙare. A Kumasi ra'ayina shi ne a daina dogaro da firiza gaba ɗaya wajen wannan abu, a haɗa sababbi duk ranar da ake buƙata. A ɗebi mililita 1 na abin da ya kwana yana girma a zuba cikin mililita 100 na LB, a girgiza a digiri 37 har OD600, ma'aunin yawan ƙwayoyi a ruwan, ya kai 0.3 zuwa 0.4, kusan awa biyu zuwa uku. Kada a bari ya wuce 0.5, wanda ya fita cin abinci a wannan gaɓar ya ɓata wuni. A dasa kwalbar cikin ƙanƙara minti 20, a juya a 3,000 g minti 10 cikin sanyi, a zubar da ruwan sama, a narkar da gindin a hankali cikin CaCl2 mola 0.1 mai sanyi ƙarara, minti 30 kan ƙanƙara, a sake juyawa, a ƙarasa cikin mililita 2 zuwa 4. Ban da girgizawa da na'ura, juyawa da hannu kawai. Idan aka bar su suka kwana kan ƙanƙara a digiri 4 ma karɓarsu ƙaruwa take yi har zuwa awa 24, daga nan ta fara sauka. Abin da ake buƙata kula ce mai kyau da ƙanƙara mai yawa, kuma ƙunshin ruwan leda daskararre da mata ke sayarwa a unguwa, idan aka farfasa shi aka zuba ɗan ruwa a kai, yana yin aikin. Da wannan, liƙin nan na farko da muka yi ta zargi, wanda ke kwance a -20 tun tuni, ya tsiro.

Tun daga ranar babu shafawar da ke tafiya ba tare da faranti uku ba: ƙwayoyi ba DNA kan magani, don a san maganin yana aiki, ƙwayoyi ba magani, sai kuma filasmid lafiyayye. A pSB1C3 mun riƙa amfani da J04450, wanda ɗigonsa ke fitowa ja, don haka idan jajaye suka bayyana a farantin liƙi mun san tsohon filasmid ne bai yanku ba.

Lokacin da muka rasa ya sa gwajin ruwan kogi ya zo a gurguje, kuma nan ne ainihin kimiyyar take. A LB hasken ya yi rauni fiye da yadda muka zata, saboda sinadaran da ke cikinsa masu salfa suna kama zaiba kafin ta shiga ƙwaya. Komawa M9, wani abincin reno mai ƙarancin sinadarai, ya gyara wannan. Ruwan kogin kuwa laka ce zalla, tana ruɗa na'urar auna haske da OD600 baki ɗaya. Idan ka tace da matacin mikromita 0.45 ka samu ruwa garau, amma yawancin zaibar tana manne da lakar da ka cire. Ba za ka zuba asid don adana samfurin ba kamar yadda ake yi wa na injin awo, domin zai kashe ƙwayoyin, ga shi zaiba tana mannewa jikin roba idan ta daɗe. Sai kwalbar gilashi, cikin sanyi, a auna da wuri, a kuma raba samfurin biyu, rabi a sa masa asid a kai inda ake awon gaske don kwatantawa. MerR kuma Hg2+ kaɗai yake gani. Zaibar da ke taruwa cikin kifi wani nau'i ce, bai san da ita ba.

Sai abu mafi haɗari. Idan zaiba ta yi yawa ƙwayoyin mutuwa suke yi, hasken ya faɗi, bututun ya yi duhu daidai da na ruwa mai tsabta. Da ba mu sha kashi a hannun firiza ba, ina shakkar ko da mun lura da wuri. Amma a lokacin duk abin da bai nuna komai ba tuhumarsa muke yi. Muka ƙara RFP, furotin mai jan haske, ƙarƙashin makunnin J23106 da ke kunne kullum. Ja da kore, akwai zaiba. Ja kaɗai, babu zaiba, ko kuma 'yar kaɗan ce. Babu ja, a watsar da sakamakon, a surka samfurin sau goma a sake. Kowane samfuri kuma muna ƙara wa rabinsa sanannen adadin zaiba mu ga ko hasken zai hau. Idan bai hau ba, wani abu a ruwan ne ke toshewa. A kan wannan alƙalai suka fi tsayawa da tambaya, ba kan kyawun shafinmu ba.

Ƙwayoyin ba sa barin ɗakin gwaji. Dokar gasar ta hana, ga kuma dokar Gana ta 2011 kan tsaron halittu, Act 831, don haka kogi ake kawowa gare su. Da muka zauna da iyaye a Aboabo da Asawase muna bayani, wata Hajiya ba ta damu da haske ba, tambayarta ita ce idan mun gama ina muke zubarwa. Amsar tana da rassa biyu. Sharar ƙwayoyi zalla tana shiga otokilef, tukunyar kashe ƙwayoyi da tururi, digiri 121 na minti 20. Wadda ta taɓa zaiba ba ta shiga, domin zafi zai tayar da ita turiri cikin ɗakin. Wannan da magani ake kashe ƙwayoyinta, a tara ta cikin kwalba mai murfi da rubutu a jiki, har da kawunan fifet da safar hannu, a miƙa wa masu kula da sharar guba. A tanadi wannan kwalbar da sa hannun jami'in tsaron ɗakin kafin a buɗe gishirin zaiba na farko, domin fom ɗin tsaro na gasar zai tambaya.