Yadda na faɗa tara lambobin yabon sojan ruwan Ingila, har aka sha ni sau ɗaya

Wallahi ni ban taɓa tunanin zan zama mai tara tsofaffin lambobin yabo ba, abun ya faro ne a Portsmouth inda nake aiki, garin sojan ruwa ne tun kaka da kakanni, ko'ina ka juya jirgin yaƙi ne ko tsohon soja. Wata Lahadi na shiga kasuwar gwanjo neman hita saboda sanyi ya ishe ni, sai ga wani dattijon bature da faranti cike da lambobi, na ɗauki ɗaya haka kawai don kallo, sai naga an rubuta Benin 1897 a jikin ɗan ƙarfen da ke maƙale da ƙyallen. Nace Benin kuma? Tamu ta Najeriya? Yace ita fa.

Ranar ban siya ba, amma na koma gida ban iya bacci ba sai bincike. Ashe lambar Gabas da Yammacin Afirka ce, ta azurfa, gaba kan Sarauniya Victoria, baya zanen faɗa a cikin daji, ƙyallenta rawaya da baƙi. An ba wa waɗanda suka je yaƙin da Admiral Rawson ya jagoranta aka ci birnin Benin a watan Fabrairun 1897, aka kwashe kayan tagullar fada, Oba Ovonramwen kuma daga baya aka kai shi Kalaba. Cikin rundunar akwai sojan jirgi, akwai Royal Marines wato sojan ƙasa da ke tafiya cikin jiragen ruwa, akwai kuma sojojin Hausawa da turawa suka ɗauka aiki a gaɓar Neja. Wannan na ƙarshen ya tsaya min a rai sosai.

Na marines ɗin na zaɓa in bi, saboda sun fi ƙaranci a kowane jirgi kuma bin diddiginsu yafi sauƙi. A bakin lambar, wato kewayenta, ake buga sunan mutum da muƙaminsa da jirginsa, kamar St George ko Theseus. Kuma a lokacin marines ɗin kashi biyu ne, RMLI na ƙasa da RMA na igwa, sai 1923 aka haɗe su. Kowa da lambar rajistarsa mai farawa da haruffan sansaninsa, CH na Chatham, PO na Portsmouth, PLY na Plymouth. Da wannan sai ka nemi takardarsa a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan, kundin ADM 159 ne rajistar aikinsu, ADM 171 kuma jerin waɗanda aka ba lambobi. Na farko da na siya wani farabiti ne, takardarsa ta nuna tsayinsa da kalar idonsa har da sana'arsa kafin ya shiga soja, lebura ne ɗan talakawa. Kai, ranar sai naji kamar na san mutumin.

To daga nan fa kai ya fara kumbura, na ɗauka na zama gwani. Burina ya koma kan babbar, wato lambar sojan ruwa ta yaƙe-yaƙen 1793 zuwa 1840. Ita wannan labarinta ma abun mamaki ne, sai 1847 aka amince a bayar, kuma sai wanda yake raye ya nema, kaga wanda yayi yaƙin Trafalgar a 1805 sai da ya jira sama da shekara arba'in. Ƙarafan da ake maƙala mata, masu nuna yaƙin da mutum ya halarta, iri 231 ne, wasu mutane ƙalilan ne kawai suka samu, shi yasa kuɗinsu ba'a magana. Matsalarta ɗaya, yawanci suna kawai ke bakinta ba jirgi. Nan ƴan damfara suka samu ƙofa: su samo mai arha ta Syria 1840 da ke da yawa, mai suna gama-gari wanda mutum biyar shida ke amsawa a jerin, su cire ƙarfen Syria su maƙala na Trafalgar, shikenan kuɗi ya ninka.

Ni ba wannan dabarar ce ta ci ni ba, tawa ma tafi wauta. Wani dillali a intanet ya sa min hoton wata ta yaƙin Navarino 1827, wai ta marine ce, yace gadon gida ne kuma yana sauri ne saboda haya. Arhar ce ta ruɗe ni, na manta araha bata ado, na tura kuɗin da nake tarawa na tikitin zuwa gida. Da ta iso na kai wa dattijon nan na kasuwa ina ta washe baki, ya ciro madubin ƙara girma da ɗan ma'auninsa, bai yi minti biyu ba yace min yaro an goge bakin nan. Lambar ta gaske ce, amma an kankare sunan asali an sassaƙa wani da hannu, alhali na asali bugawa ake da inji, haruffan su zauna daidai wa daida. Faɗinta ya kamata ya kai milimita 36, tawa ta gaza, kuma ta wajen sunan bakin ya sirance. Dillali kuwa ko sama ko ƙasa, lambar wayarsa ma ta daina shiga.

Tun daga nan bana siyan komai sai na duba jerin sunaye tukunna, sai naga hoton bakin gaba ɗaya ba rabi ba, sai nasan hannun da ta bi kafin ta zo gwanjo. Kuma na daina goge su, da farko har man goge azurfa na siyo ina ta dirza don suyi ƙyalli, ashe darajar nake kankarewa, masu harkar sun fi son baƙi-baƙin tsufan nan. Tsohon ƙyalle ma ko ya kode ba'a yarwa.

Yanzu guda bakwai gare ni, har da jabun, ita na ajiye a gaba don in riƙa ganinta. Ta Benin ɗin ce dai har yau ban san ya zan yi da ita a zuciyata ba. Wani abokin aikina ɗan Edo yazo gidana cin tuwo, na nuna masa, ya juya ta ya juya ta yayi shiru, can yace wato wannan aka ba wanda ya ƙona garinmu. Nace eh. Ya tambayi nawa na siya, na faɗa masa, yace in na tashi siyarwa kada in kai gwanjo, in fara kiransa.