Abin da duba motocin mutane ya koya mini a Sakkwato

Aikina shi ne duba mota kafin mai saye ya biya kuɗi. A Buzaye, matattarar makanikai a Sakkwato, na koyi makanikanci a hannun maigidana, daga baya na ƙara da aikin na'urar nan da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, wadda kowa a gareji ke ce wa kwamfuta. Wannan sana'a ta sa kusan kullum ina tsakiyar gardamar masu son mota. Dattawa sun tsaya a kan cewa motocin yanzu gwangwani ne da roba, ƙarko ya tafi tare da Fijo 504. 'Yan Toyota suna yi wa 'yan Honda gorin ƙafar da ke fita a tsakiyar titi, su kuma su rama da cewa Corolla ba ta da daɗin zama, ba ta da kwarjini. Samari ba ruwansu da duk wannan, idonsu na kan fitila mai walƙiya da faffaɗan allo a gaban direba da manyan wili.

Kowa a cikinsu akwai abin da ya gani da idonsa, shi ya sa ba na raina maganar kowa. Sai dai abin da na fahimta a ƙarƙashin motoci shi ne, ƙarko ba kamfani kaɗai ke ƙera shi ba. Wani kaso yana jikin motar, sauran yana wurin hanyar da take bi, da hannun da ke taɓa ta, da shagon kayan gyara mafi kusa, da aljihun mai ita.

A ɗauki 504 ɗin da ake ta kewa. Mota ce mai ƙwari, ba musu. Amma a tuna cewa tun 1975 ake harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma bayan Faransa ta daina yin 504 a 1983 Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000. Gwamnati ita take hawa, 'yan kasuwa ita, direbobin tasha ita. Saboda haka babu garin da za ka rasa kayanta, babu makaniken da bai kwance kafiretarta ya mayar ba. Maigidana yakan ce mini, "Ɗana, wagga mota ko Tangaza tam mace maka ba ka kwana daji, akwai wanda ya san ta." Lalacewa tana yi, har ta fi motocin yanzu yawan neman a taɓa ta. Gyaranta ne bai wuce wuni guda ba, shi ya sa mutane suka manta da lalacewar suka riƙe ƙarkon. Dalilin nan ne ya sa har gobe Golf 3 da Sharan ke jigilar mutane da kaya a hanyar Illela da ta Birnin Kebbi, alhali Golf 3 ɗin ta shekarun 1990 ce. Kayanta sun cika gari, kuma yaron gareji ma ya san kukanta.

Injin zamani kuwa ba rauni ne da shi ba, rashin yafiya ne da shi. Tsohon inji jaki ne, duk abin da ka ba shi ya ci ya yi aiki. Na yanzu doki ne, ya fi gudu ya fi kyau, amma sai da harawarsa da kanwarsa a kan lokaci. Mu kuma a gareji mun gaji wasu ɗabi'u daga zamanin kafireta waɗanda ke kashe sababbin motoci a hankali, sannan mu ɗora wa motar laifi.

An taɓa jawo mana motar wani ma'aikaci da gaskit ɗinta ya ƙone. Labarinta ya fara ne watanni kafin nan, cikin bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Allurar zafi ta fara tashi, ya kai ta wani gareji, aka yi mata abin da aka saba: aka cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, aka jefar, aka haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, aka zubar da ruwan sanyaya inji mai kala aka cika lagireto da ruwan burtsatse. Da muka sauke lagireton, sai ga ainihin ciwon. Tsakaninsa da na'urar AC da ke gabansa ƙurar hunturu ta haɗu da ciyayi da gashin tsuntsu ta yi dabe, iska ba ta da hanyar wucewa. Wanki kawai wurin yake nema tun farko. Muka tsaga lagireton, rabin bututunsa sun toshe da wani farin ɓawo mai tauri, gishirin ruwan da aka yi ta zubawa ne ya daskare. Mai motar yana tsaye a kanmu yana girgiza kai yana cewa motocin zamani ba su da ƙarko. Na ji zafin maganar, domin motar ba ta yi masa laifin komai ba.

Tamostat ba don ƙasar ƙanƙara kaɗai aka sa shi ba, kamar yadda ake faɗa. Shi ke riƙe inji a zafin da aka tsara masa, wajen digiri 80 zuwa 90. Idan babu shi, da safiyar hunturu injin ba ya ɗumi da wuri, birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ya ɗauka har yanzu a sanyaye yake, ya yi ta ƙara masa fetur. Mai mota ya yi ta kukan shan mai bai san daga ina ba. Haka batun baƙin mai. A kan murfin injin an rubuta lambar mai tsinkakke, 5W-30 ko 0W-20, amma sai a ce zafinmu ya fi ƙarfin mai tsinkakke, a ɗura masa 20W-50 mai kauri, alhali hanyoyin man da ke cikinsa ƙanana ne, kaurin ba ya ratsa su da sauri lokacin tayarwa. Giyar CVT kuma, wani nau'in giya mai sarrafa kanta, man kanta gare ta; wanda ya zuba mata man giya na gama-gari ya fara tara kuɗin wata giyar.

Akwai wurin da nake rabuwa da dattawa gaba ɗaya, wato maganar jiki. Sukan ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar mota su ce ka ji ƙarfe. Ni kuwa na ga motocin da ake jawowa daga hanyar Gusau bayan haɗari. Sabuwar mota gabanta yakan murƙushe har ka ce babu wanda ya fita, amma ka leƙa ciki ka tarar wurin zaman mutane bai motsa ba, ƙofa ma tana buɗewa. Da gangan aka yi gaban ya naɗe ya shanye bugun. Tsohuwa mai taurin jiki takan fito da ɗan lanƙwasa, bugun kuma ya ƙare a ƙirjin direba da sitiyari. Duk wanda zai ɗauki iyalinsa ya hau doguwar hanya, ban ga dalilin da zai sa ya zaɓi taurin ƙofa a kan jakar iska da birkin ABS mai hana taya ƙullewa ba.

Wannan bai sa na yarda da duk abin da masu zanen mota ke fitarwa ba. Da yawa a ciki an zana su ne don titin da ba namu ba. Mota ta kwanta ƙasa, damina ta sauka, ka shiga unguwar Mabera da ita ka ga yadda za ku ƙare. Wili babba da taya siririya suna da kyau a hoto, amma ramin farko zai lanƙwasa wilin ya kumbura tayar. Rufin gilashi a garin da rana ke dukan mota tun hantsi ƙarin aiki ne ga AC. Fitilar da a da za ka canza mata ƙwai da kuɗi kaɗan, yanzu a wasu motocin sai ka sayi gidan fitilar dungurungum. Abin da ya fi damuna shi ne mayar da komai cikin allo, har ƙara sanyin AC sai direba ya ɗauke ido daga hanya yana laluben gilashi. Ko a Turai an gane haka: hukumar gwajin lafiyar motoci ta Euro NCAP ta ce daga 2026 za ta riƙa rage wa mota maki idan sigina da ham da waifa da fitilar haɗari ba su da maɓallin da hannu ke taɓawa.

Taya kuwa ita ce abin da masu gardama ba su cika kulawa da shi ba, ita ce kuma ke kisa a hanyoyinmu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Akwai kuma harafin jure zafi, A ko B ko C. Motoci da yawa suna sauka da tayar ƙanƙara mai hoton dutse da ƙanƙara a jikinta, zanenta raɗau, robarta kuwa mai laushi ce da ba a yi ta don kwaltar watan Afrilu ba.

Wajen saye ne aikin ya fi koya mini haƙuri da mutane. Wata malamar makaranta ta yi shekaru tana adashi, ta zo da ƙanenta mu duba wata mota da ta kwanta mata a rai. Fenti yana sheƙi, kujeru fes, ciki yana ƙamshin turare. Dillali yana cewa, "Hajiya, wagga ko sati ba ta yi da sauka ba." Na jawo bel ɗin kujerar baya har ƙarshensa, sai ga layin laka busasshe a inda ya daɗe a naɗe. Na ɗaga kafet, ƙusoshin da suka riƙe kujera duk sun yi tsatsa, cikin soket ɗin wayoyi ya yi kore. Muka sa lambar jikinta mai haruffa 17 a intanet, hotunanta suka fito a filin gwanjo na Amurka, an rubuta ruwa ne ya ci ta. Kyan ɗan maciji ke nan. Motar da ambaliya ta shanye takan yi lafiya wata biyu ko uku, daga nan wayarin ya fara ciwon da ba ya jin magani. Malamar ta yi shiru, sannan ta ce, "Injiniya, to in ba ka zo ba fa?" Dillalin ma jikinsa ya yi sanyi, kuma na yarda bai sani ba, shi ma haka aka turo masa.

Irin wannan ɓoyon iri-iri ne. Ana mayar da mita baya, amma ba a iya mayar da robar fedar birki da ta siɗe, ko sitiyarin da hannu ya goge. Ana kashe fitilar gargaɗin inji daga bayan dashbod, shi ya sa nake fara murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, in ga ko duk fitilun sun kama. Ana fasa salansa a kwashe abin tace hayaƙin da ake ce wa indomi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Ana liƙe murfin jakar iskar da ta riga ta fashe. Sai takardu: a Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk wadda aka ce maka 'yar Kwatano ce, ka tabbatar da takardar kwastan ɗinta kafin ka yi sha'awar fentinta.

Ranar 29 ga Mayun 2023 ta sauya ra'ayin masu mota fiye da duk wata gardama. Da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 a nan Arewa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Naira kuma ta faɗi, kuɗin mota da na kayan gyara suka yi sama. Mutanen da a da ba sa kallon mota in ba V6 mai silinda shida ba ce, yanzu tambayarsu ta farko ita ce nawa take sha daga nan zuwa Kano. Ƙananan injina suka yi daraja, motar da aka yi amfani da ita a gida ta samu kasuwa, aka fara tambayata game da motoci masu haɗa fetur da batir. Waɗannan suna da sauƙin mai ƙwarai a cikin gari, amma batirinsu yana da fankar da ke shaƙar iska daga cikin mota, kuma ƙurarmu tana toshe ta. Wanda ba zai riƙa sa a share ta ba, zafi zai gajarta masa ran batir.

Ba na cikin masu cewa sabon abu ba namu ba ne. Ɗan Sakkwato ne, Jelani Aliyu, ya zana surar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a 2007, kuma lokacin da yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. Rana kam muna da ita har ta yi yawa. Abin da ya rage mana shi ne hannun da zai gyara, domin motar lantarki tana ɗauke da wutar da za ta iya kashe makaniken da ya taɓa ta da ilimin riwaya na da, kuma yaranmu na gareji har yanzu da kallo suke koyo.

Haka nake kallon motocin Chaina da suka fara shigowa, irin su GAC da Chery da Changan. Sababbi ne dal, cike da kayan zamani, a kuɗin da bai kai na takwarorinsu na Japan ba. Ba na kushe su, ba na kuma yabon ƙarkonsu, domin ba su daɗe a hanyoyinmu ba har a ga tsufansu. Wanda ya tambaye ni, nakan ce kafin ya biya ya ɗauki sunan motar da shekararta ya zaga shagunan kayan gyara na Sahara da J. Allen ya nemi abu uku: gilashin gaba, famfon mai, da takalmin birki. In ya same su a ranar, to. In an ce sai an aika Kano ko Legas, ya tambayi kwana nawa. In kuwa an ce sai an yi oda daga waje, ya lissafa kuɗin Keke Napep na waɗannan makonni, nasa da na kai yara makaranta, ya haɗa a cikin kuɗin motar.