Kirsimeti da ƙananan yara: a fara tsara barci, sannan a tsara ziyara

Yawancin kukan da yara ke yi da yammacin ranar Kirsimeti kukan gajiya ne. Yaro ya tashi tun da asuba saboda ɗoki, an sa masa sababbin kayan da bai saba da su ba, ya zauna a coci kusan awa biyu, daga nan an wuce gidan kakanninsa inda mutum goma suka ɗauke shi suka ajiye. Barcin rana ya wuce, abincin rana ya koma ƙarfe uku. Da la'asar sai ya zube ƙasa yana birgima, manya kuma su ce sangarta ce. Abin tausayi ne a tsawata wa yaro a ranar murna a kan abin da tsarin manya ya jawo masa.

Don haka shirin hutun nan daga barci ya kamata ya fara. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, jariri ɗan wata 4 zuwa 11 yana buƙatar barcin awa 12 zuwa 16 a kwana guda, ɗan shekara 1 zuwa 2 awa 11 zuwa 14, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, har da barcin rana a ciki. Biki ba ya rage wannan lissafi ko da minti ɗaya. Ku ɗauki takarda ku rubuta ranakun 24, 25 da 26 ga Disamba, ku fara cika lokacin barcin rana da na dare da lokutan cin abinci. Abin da ya rage shi ne lokacin ziyara. Idan yaro ya saba kwanciya ƙarfe ɗaya na rana, kuna da taga biyu kawai: daga safe zuwa sha biyu da rabi, sai daga uku zuwa magariba. Jinkirin rabin awa ko awa ɗaya yaro zai iya jurewa. Abin da ke rikita shi shi ne a tsallake barcin gaba ɗaya kwana biyu a jere, domin yaron da ya gaji fiye da kima ba ya saurin yin barci. Jikinsa kan ƙara tashi ne, ya yi ta tsalle-tsalle, har a zaci bai gaji ba, ga shi kuma cikin dare sai ya riƙa farkawa.

Taura biyu ba ta taunuwa. Babban abu ɗaya ya ishi ƙaramin yaro a yini: ko dai sujada da gida ɗaya, ko doguwar tafiya kaɗai, ko babban taron dangi kaɗai. A nan ne rigimar ke ɓullowa, saboda dangin uwa da dangin uba kowa na son ganin jika a ranar 25 ɗin kanta. Mata da miji su yanke shawara tsakaninsu tun farkon Disamba, sannan kowa ya sanar da nasa iyayen da bakinsa, kada a bar wa suruka ko suruki wannan nauyi. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce karɓa-karɓa, bana wannan gida ranar 25 wancan ranar 26, baɗi a juya. Maganar kuma ba ta buƙatar dogon bayani: "Mama, ranar 26 za mu zo tun da safe mu yini, don ki samu lokaci sosai da jikokinki. In muka haɗa gida biyu a rana ɗaya, a gajiye za su iso miki." Kaka ba ta cika ƙin wannan ba idan ta ji da wuri. Abin da ke ɓata rai shi ne a gaya mata ana jajibiri, bayan ta gama shiri.

Idan akwai tafiyar mota, a daidaita tashi da lokacin barcin yaro, a tashi minti goma sha biyar kafin lokacin, ya ci ya ƙoshi, an canza masa kunzugu. Duk awa biyu a tsaya a fito da shi ya miƙe, musamman jariri, wanda bai kamata ya daɗe a lanƙwashe cikin kujerar mota ba. Kada a ɗaure yaro a kujerarsa da riga mai kauri, domin kaurin yana sa a ga kamar igiyar ta kama alhali akwai sako-sako. A ɗaure shi tukuna, in ana sanyi a lulluɓe shi daga sama. Kuma ko na minti biyar ne, ba a barin yaro shi kaɗai a cikin motar da aka ajiye.

Jakar yaro ta zauna kusa da hannu, kada ta shige ƙarƙashin kaya a but. A ciki a sa kunzugu ɗaya ga kowace awa biyu zuwa uku ta tafiya da ƙarin uku, kayan canji kala biyu na yaro da riga ɗaya ta mai ɗaukarsa, ledar zuba ƙazantattun kaya, ruwa, ɗan abin taɓawa da ya saba da shi, ma'aunin zafin jiki, da duk maganin da yake sha a kwalbarsa ta asali. Farasitamol na yara da nauyin jiki ake auna shi, da sirinjin da ya zo da shi, ba da cokalin shayi ba, kuma ba a wuce sau huɗu a awa 24. Ku san nauyin yaronku kafin ku bar gida. Sannan abin da ya fi komai saurin mantuwa: bargon nan ko 'yar tsanar da ba ya barci sai da ita.

Minti goman farko a gidan da kuka sauka su ne suka fi muhimmanci. Gidan da babu ƙaramin yaro ba a shirya shi don yaro ba, kuma wannan ba laifin masu gida ba ne. Bayan gaisuwa, ɗaya daga cikin iyaye ya durƙusa daidai tsayin yaron ya duba ɗakunan da zai shiga. Daga nan ƙasa ake ganin abin da mai tsaye ba ya gani. Maganin hawan jini ko na ciwon sukari a gefen gado ko cikin jakar hannun kaka, wanda ƙwaya ɗaya ko biyu ke iya yi wa ƙaramin yaro mummunar illa. Ruwan wanke-wanke da aka juye cikin gorar lemo. Bokiti da ruwa a banɗaki, alhali ruwan da bai wuce santimita biyar ba ya isa ya halaka mai rarrafe idan ya kifa ciki, kuma ba tare da wani ƙara ba. Mayafin tebur da ke lilo, da kofin shayi mai zafi a kansa. Kyandir a inda hannu ke kaiwa. Bishiyar Kirsimeti da ba a kafe ta da kyau ba, da ƙwallayen adon da ke fashewa an rataye su a ƙasa-ƙasa, sai a mayar da su sama a tattare wayar fitilun a bayan bishiyar.

Akwai abu ɗaya da ya cancanci a tsaya a kansa: ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo. A lokacin Kirsimeti yana ko'ina, a cikin katin gaisuwa mai kiɗa, da kyandir na lantarki, da rimot, da takalma masu walƙiya, da kayan wasa masu araha waɗanda murfin batirinsu ba shi da kusa. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana haɗuwa da yawu ya fara ƙona naman wurin, kuma cikin awa biyu ɓarnar na iya yin tsanani. Sau da yawa yaron ba ya nuna wata babbar alama da farko, sai dalalar da yawu ko ƙin abinci ko tari. Ko zargi kawai kuke yi, a tafi asibiti nan take, kada a sa shi amai, kada a jira a gani. Haka ma ƙananan maganaɗisu: biyu in suka shiga ciki suna iya manne wa juna ta bangon hanji su huda shi.

A taron dangi kowa yana ganin yaro, amma ba wanda ke kula da shi. Uwa na zaton yana wurin uba, uba na zaton yana wurin gwaggo, gwaggo ta miƙa shi ga 'yar shekara tara ta shiga kicin. Maganin wannan shi ne a ambaci suna. "Baban Yara, yana hannunka har ƙarfe uku, daga nan ni zan karɓa." Wanda ke kan aiki ba ya duba waya, ba ya shan barasa, in zai tashi kuma sai ya damƙa wa wani babba da baki, ya ji an amsa.

Game da kyauta, yawa ba ya ƙara wa ƙaramin yaro daɗi. Ɗan shekara biyu in aka tara masa ƙunshi takwas, yaga takarda kawai zai yi ta yi, ya ƙare da kuka. A ba shi biyu ko uku, a bar shi ya yi wasa da su, sauran a ɓoye a riƙa fito da su ɗaya-ɗaya har cikin Janairu. Daren jajibiri a buɗe kwalayen, a kwance wayoyin da aka ɗaure kayan da su, a sa batir, a harhaɗa abin da ke buƙatar harhaɗawa, sannan a naɗe. Alamar da ke cewa abin wasa bai dace da 'yan ƙasa da shekara 3 ba tana magana ne a kan ƙananan ɓangarorin da ke shaƙe yaro, ba ruwanta da wayonsa. Gwaji mai sauƙi: duk abin da ya shige cikin kwalin tsakiyar takardar banɗaki ya yi wa ɗan ƙasa da uku ƙanƙanta. Haɗarin ya fi zuwa daga kayan wasan yayye da 'ya'yan dangi, don haka manyan yara su buɗe nasu a kan tebur. Fasasshen balan-balan da ledojin naɗi a kwashe su nan da nan. In kuma ɗan shekara biyu ya ƙanƙame sabuwar motarsa ya hana ɗan kawunsa, ba rowa ba ce, shekarunsa ba su kai na fahimtar aro ba. Abin da ya fi ƙauna a bar shi a gida ko a jaka, a fito da wanda za a yi wasa da shi tare, kamar ƙwallo.

Gaisuwa ma tana da nata. Daga wajen wata shida zuwa tara jarirai kan fara ƙyuya, kuma abin na iya kaiwa shekara biyu ko fiye. Kakan da ya yi wata shida bai ga jikansa ba zai miƙo hannu tun daga ƙofa, yaro ya ƙwalla ƙara, ran tsoho ya sosu. A riga shi da magana mai laushi: "Baba, a ba shi minti goma a jikina, da kansa zai zo wurinka." Kusan kullum haka ake yi, musamman in kakan ya zauna yana riƙe da wani abin wasa bai matsa ba. Yaro ya koyi gaida manya, wannan wajibi ne, amma kada a tilasta masa runguma ko sumba. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, duk mai ɗaukarsa ya wanke hannu da sabulu, mai mura ya gaishe shi daga nesa, mai ƙurjin zazzaɓi a leɓe kada ya sumbace shi ko kaɗan, domin ƙwayar cutar da ke kawo ƙurjin tana da haɗari ƙwarai ga sabon haihuwa. Zafin jikin da ya kai digiri 38 a irin wannan jariri na asibiti ne a ranar, ko da ranar Kirsimeti ce.

Abincin biki ba ya fitowa a kan lokaci, saboda haka a ciyar da yaro a lokacinsa, in aka zo ci ya zauna da jama'a ya ɗan taɓa. Alewa da kayan zaƙi su biyo bayan abinci. 'Ya'yan inabi a tsaga su huɗu ta tsawo, gyaɗa da danginta ba a ba ɗan ƙasa da shekara biyar su a ɗunƙule, zuma kuma ba ta jaririn da bai cika shekara ba ce. Dafaffen abincin da ya wuce awa biyu a buɗe kan tebur kada a ba yaro. In yana da abin da jikinsa ba ya karɓa, a gaya wa mai girki tun kafin ranar, a kuma maimaita wa duk mai son sa masa abu a baki.

A coci ku zauna bakin layi kusa da ƙofa, da littafin hotuna da ruwa, ku fita da shi tun yana guna-guni kafin ya kai ga ihu. Labarin haihuwar Yesu, kamar yadda yake a Luka sura 2, minti uku ya isa a ba ɗan shekara uku shi a gida: jariri, komin dabbobi, makiyaya, mala'iku. Zai nemi a sake, kuma a maimaitawar ne yake riƙewa.

Idan kwana za a yi, a nemi ɗakin da ya fi nisa da hayaniya tun da rana, a bi matakan da aka saba a gida bi da bi, wanka, kayan barci, labari, addu'a, kashe fitila. Jariri a kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai tauri, babu matashi babu tarin barguna, ba a kan kujerar falo ba, kuma ba a tsakiyar manyan yara ba.

Lokacin tafiya kuma a jikin yaro ake karanta shi: murza ido, jan kunne, yawan tuntuɓe, dariyar da ta wuce kima, manne wa uwa. Da an ga biyu daga ciki a fara sallama, don sallamar dangi kanta tana cin rabin awa. Tun da aka iso a faɗi lokacin tashi, yadda ba wanda zai ji kamar an gudu. Shi ma yaron a gaya masa da abin da yake ganewa, "in ka gama wannan wasan za mu sa takalmi", tunda minti biyar ba ta da ma'ana a wurinsa.

Bayan an dawo gida a bar yini ɗaya fanko, ba fita ba baƙi. In lokacin kwanciya ya goce da awa ɗaya, a riƙa jawo shi baya da minti goma sha biyar kowane dare, a kuma tashe shi da safe a lokacin da ya saba. Cikin kwana huɗu zai koma daidai.