Littafin rowa da motata mai turbo

A aljihun ƙofar motata akwai wani ɗan littafi da ya sha maiƙo, uwargida ta sa masa suna littafin rowa. Duk ranar da na cika tanki sai na rubuta lita nawa ta shiga, da lambar da mita ke nunawa. Na fara ne bayan 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kafin nan wa ya damu da lissafi? Allura ta yi ƙasa, ka shiga gidan mai, ka sha, ka fita.

Motar 'yar Kwatano ce, ƙaramin inji mai lita 1.4 da turbo, kuma ta riga ta ci kilomita dubu 110 a can ƙasarsu kafin ta zo hannuna. Ranar ciniki dillali ya dafa bonet ya ce, "Alhaji, wannan ƙamshin mai kawai take shaƙa." Bai yi ƙarya sosai ba. Shafukan farko na littafin sun nuna kilomita 14 a lita ɗaya in na kama hanyar Kano zuwa Kaduna, 10 kuma a cikin gari. Bayan shekara biyu hanyar Kaduna ta dawo 10, cikin gari 7. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba wata fitila da ta kama. Aljihuna ne kawai ya san ana yi.

A majalisa kowa ya zama bakanike. Wani ya ce turbon ya mutu, wani ya ce in sayar in koma Corolla in huta. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai cewa dama turbo shekara biyar ce ranta. Ni kuwa na ga kamata ya yi mu koyi zama da motoci masu turbo, domin su ne ke tafe. Ko Honda Accord da muke ji da ita, daga ƙirar 2018 ta bar injin V6 ta koma 1.5 da 2.0 masu turbo.

Aikin turbo ba wani siddabaru ba ne. Hayaƙin da zai fita ta salansa shi ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar uwarta da ke cusa iska cikin inji. Juyin yakan wuce dubu 100 a minti ɗaya, sandar da ta haɗa su kuma a kan baƙin mai take yawo. Iska ta yi yawa, sai a ƙara mai, ƙaramin inji ya yi ƙarfin babba. Ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, ce ke auna iskar ta yanka mata mai daidai da ita. To, a nan gizo ke saƙar: in aka yi wa ƙwaƙwalwa ƙarya, da mai take biya.

Bakaniken da ya gano min matsalar wani dattijo ne marar son magana. Ya jona na'ura, ya duba, bai ce uffan ba. Sai ya sa yaronsa ya taka totur, shi kuma ya zura hannu can ƙasa ya bi wani baƙin tiyo mai kauri da ya fito daga lagireton sanyaya iska. Ya zaro hannun da danshin baƙin mai a yatsu, ya murɗa tiyon ya haska min da fitilar waya. Tsaga ce da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, a rufe take in mota na tsaye, sai turbo ya hura take buɗe baki.

"Alhaji, ka ga ɓarawonka. An auna iska a gaba, an zuba mata mai, ita kuma ta gudu ta nan. Man fa ya riga ya shiga."

Ɓarawo na biyu ni na buɗe masa ƙofa. A zafin watan Afrilu na bara allurar zafi ta ɗan ɗaga a cunkoso, wani yaro a bakin titi ya ce tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, kayan ƙasar sanyi ne, ya cire ya miƙo min a leda. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Tun daga ranar injin bai ƙara kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ba, wajen digiri 90, musamman da asuba lokacin hunturu, ƙwaƙwalwa kuma tana ta ƙara mai tana jiran ya ɗumama. Dattijon ya dube ni ya ce, "Kai ma da iliminka?" Na yi shiru.

Muka aika kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa aka kawo tiyo da tamostat. Ya canza fulogi, don injin turbo yana cinye su da wuri, ya wanke na'urar auna iska, ya jefar da filtar da ƙurar hunturu ta mayar kamar bulo. Turbon da aka ce ya mutu kuwa, ya kama sandarsa ya girgiza, ya ce lafiyarsa ƙalau.

Abu ɗaya ya rage wanda ba mu taɓa ba. Irin injina nozul ɗinsa kai tsaye yake fesa mai cikin silinda, saboda haka fetur ba ya bi ta kan bawul ɗin shigar iska balle ya wanke shi. Tururin baƙin mai na manne musu, shekara da shekaru, har ya zama gawayi ya rage hanyar iska. Wannan kam tsufa ne na gaskiya, kuma maganin da ake zubawa a tanki ba ya kai wa wurin. Sai an kwance an kankare. Na tambayi kuɗin aikin, na ce a bari sai bayan sallah.

Sai kuma ƙafata. Ƙaramin inji mai turbo yana tsimin mai ne muddin ba ka tashe shi ba. Ka danne totur don wuce tirela bayan Zariya, mutum biyar a ciki, ga buhun shinkafa a but, ga esi a kunne, sai ƙwaƙwalwa ta zuba mai fiye da ƙima don kada inji ya yi zafi ya fara ƙwanƙwasa. A wannan lokacin ba shi da bambanci da babban inji. Na rage. Na kuma koyi barin mota ta yi minti ɗaya a kunne in na iso daga doguwar tafiya, kada baƙin mai ya ƙone a cikin turbo.

Makon jiya na je Kaduna na dawo, na cika tanki a gidan man da na saba. Na raba, ya ba ni 12 da rabi. Na nuna wa uwargida shafin, ta ce to sauran ɗaya da rabin fa? Na ce yana kan bawul.