Abin da hawa jigo ya koya mini a Las Palmas

Na ajiye aiki a shagon haɗa wayoyin jiragen ruwa masu filafili ƙarshen watan jiya, wato wayoyin ƙarfe da ke riƙe jigo, dogon sandan da ake ɗaga filafili a kansa. Tunda ƙannenmu ne suka maye gurbina, gara in rubuta musu abin da ba wanda zai gaya musu a can.

Kun dai san yadda tashar jiragen ruwa ta Las Palmas, a tsibiran Canary, take a watan Nuwamba. Jiragen ARC, wato ayarin da ke tsallaka Tekun Atlantika duk shekara, sun cika ko'ina, kowa na son a duba masa jigo kafin ya kama hanyar tsibirin Saint Lucia da ke yankin Caribbean, tafiyar wajen mil 2,700 a teku, babu inda mutum zai tsaya ya sayi ko fil ɗaya. Cikin wannan turmutsutsun aka kawo wani jirgi mu sa masa sabon manaɗin filafilin gaba, abin da ke naɗe filafilin a jikin wayar da ke riƙe jigo ta gaba. Ni na hau sama. Ina dubawa sai na ga igiyar ɗaga filafilin ta fito kusan a jere da wayar gaba, alhali takardar maƙeran ta ce a bar kwanar digiri 5 zuwa 10 a tsakaninsu. In babu wannan, ana fara naɗewa igiyar za ta bi majuyin sama ta kanannaɗe wayar. Maganin kuwa ɗan zobe ne da ake kafawa a jikin jigo ya karkatar da ita. Na sauko na gaya wa oga. Ya dubi agogo, ya ce in wuce jirgi na gaba.

Ranar fitar gwaji igiyar ta harɗe. Mai jirgin ya ji ta cije, sai ya ɗora ta a winci ya yi ta murzawa har silin wayar suka warware daga sama. Allah ne ya kiyaye jigon bai faɗo wa mutane ba. A gabana oga ya ce wa mutumin, "Yaron ne ya manta." Yaro, da furfurata! Aka kuma zare kuɗin sabuwar waya daga albashina. Ban ce uffan ba, don takardar zamana a kan aikin nan ta rataya. Ni na yanka sabuwar, ni na matse bakinta, ni na sake hawa na kafa zoben da na ce a kafa tun farko.

Daga ranar, duk abin da na gani a sama sai na ɗauki hotonsa na tura wa oga ta WhatsApp. Ya tsani hakan. Ku ma ku riƙa yi.

Kada ku luluɓe bakin waya da salatif. Ƙarfen nan da ake cewa ba ya tsatsa, in ya rasa iska kuma ruwan gishiri ya kwanta masa, daga ciki yake cinyewa, kuma matsin bakin waya na ƙasa ne ya fi saurin tsagewa. Ƙusar wannan ƙarfen ba ta shiga alminiyom sai da Duralac, man da ke hana ƙarafan biyu cin juna, in ba haka ba wanda zai zo kwance ta wata rana zai tsine muku. Wajen ɗaure wayar da ke riƙe jigo ta gefe ku auna mita 2: miƙewar milimita 1 kashi 5 cikin 100 ce na ƙarfin da ke tsinka ta, ku tsaya a milimita 3. Waya ta shekara 10, ku ce a canza ko tana ƙyalli.

Injin matsin nan yana zamewa a wayar milimita 8. Na sanar da oga tun bara, saƙon na nan a ajiye.